Muryar Tokuji Tana Cikin Na'urar, Batirin Kuma Yana Mutuwa

Malama Fumie, ki taimaka mini, na gaji.

Mijina Tokuji, kafin ya rasu, ya yi aiki a wani ƙaramin kamfanin wasannin bidiyo, irin na jefa kwabo. Ba su da kuɗin ɗaukar ɗan wasan kwaikwayo, sai suka naɗi muryarsa. Duk wanda ya faɗi a wasan, shi ne ke masa dariya yana cewa ya sake gwadawa. Kamfanin ya daɗe da rushewa. Na'ura ɗaya na san ta rage, tana lungun shagona na taliya a Osaka, kullum ina goge mata maiƙo.

Mai gyara ya ce akwai batiri a cikinta da ke riƙe da wasan, ranar da ya mutu wasan ya tafi ke nan. Wasu masu sha'awar tsoffin wasanni sun roƙe ni su kwafe shi su saka a intanet. Ɗana Noboru, ma'aikacin banki da ko titi ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu, ya ce laifi ne. Na nemi masu haƙƙin mallakar wasan in roƙi izini, wannan ya ce ya sayar wa wancan, wancan bai ma san sunan wasan ba. Lauyoyi biyu, amsa biyu. Ni ba ɓarauniya ba ce, murya kawai nake so. Ina zan sa kaina?

Wadda Ta Gaji

'Yar'uwa, sannu. Noboru bai yi ƙarya ba: mutuwar kamfani ba ta kashe haƙƙi, wani na iya ɓullowa gobe. Su ma masu son kwafe wasan ba mugaye ba ne, tsoronku ɗaya da su.

Amma kin haɗa abu biyu. Adanawa daban, rabawa duniya daban. Ni ba lauya ba ce, sai dai na farkon ya fi sauƙin samun mafita. Ki nemi gidan adana tsoffin wasanni, sun saba da wannan ruɗani. Ki tambaya kuma game da izinin da hukuma ke bayarwa idan an rasa mai haƙƙi. Wannan zirga-zirgar a ɗora wa Noboru, tunda shi ne mai son ƙa'ida.

Ke kuwa, yau ɗin nan, ki ajiye wayarki kusa da lasifikar, ki jefa kwabo, ki faɗi da gangan. Ki bar Tokuji ya yi miki dariya, ki naɗe ta. Allah ya ba ki hutu.