Ban Ce Ka Sauko Ba

Unguwar Ma'aikata, Tebbin,
4 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Usta Barsum Wahba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka Damyana da maigidanta da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? Yaya zaman Abu Tig? In ka tambaye ni, ina nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi.

Na san za ka juya ambulan ka ce, "Guntu ne, bayan shekara biyu da rabi?" Ni ne kuwa, ya kai Zalɓe. Wurin Ammu Shahhat mai shayi na sami adireshinka, sai da ya ja mini rai kwana uku kafin ya rubuta a bayan kwalin sukari. Kada ka tambayi abin da ya hana ni buga waya, ka san yadda ƙarar tanderun narka ƙarfe ta kashe mana kunnuwa. Ɗana Hilmi ya aiko mini da na'urar ji daga Kuwait. Na sa ta kwana biyu, duniya duk ta koma ƙarar cokula, na jefa ta a aljihun tebur.

Ranar Lahadi suka kayar da bututun hayaƙi na ƙarshe na masana'antar ƙarfenmu. Ina bisa rufin gidanmu na gan shi ya durƙusa ya kwanta. Ban ji komai ba, tafin ƙafata ne kawai ya gaya mini. Yanzu in mutum ya shanya farar riga a unguwar nan, fara zai kwashe ta. Matata Nabawiyya ta yi shekara talatin tana faɗa da jar ƙurar nan a kan wankinta, Allah ya ɗauke ta ba ta ga farin wanki ba. Ni da na gani, wallahi ba ya burge ni.

Unguwa ta zama kango. Daga benenmu gida shida sun tashi. Waɗanda suka tare a wurinsu ba su taɓa ganin narkakken ƙarfe ba, in na ce musu a nan aka zuba dogon da jirgin ƙasa ke bi, sai su gyaɗa kai irin yadda ake yi wa tsoho. Har yanzu ƙarfe shida saura kwata nakan sa takalmi, in tsaya bakin ƙofa, sannan in tuna babu motar ma'aikata da za ta zo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuwana. Shekaran jiya a gidan burodi na yi wa matar mai burodin alamar "ƙara biyu", irin wadda nake yi maka in ina son ka ɗaga tukunya. Ta dube ni ta ce wa mijinta, na karanta a bakinta, "Ba wa bawan Allahn nan ya tafi, da alama kansa ya taɓu." Shekara talatin da ɗaya kana can sama cikin akurkin gilashinka kana tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya, ni ina ƙasa ina nuna maka inda za ka dire tukunyar wuta, ba mu taɓa jin muryar juna a wurin aiki ba, kuma babu hirar da ba mu yi ba. Da hannu ka gaya mini an haifi Damyana. Da hannu nake zaginka in ƙungiyarku ta ci tamu a ƙwallo. In an tashi kuma, ka riga ni zuwa mota da dogayen ƙafafun nan naka, ka bubbuga kujerar gefenka sau biyu, wato ka kama mini wuri. Yau duk Tebbin babu mai jin wannan yaren sai ni.

Mun rabu ba daɗi, kuma laifina ne. Ina so in san ko akwai sauran wurina a wajenka. Layi ɗaya ma ya isa.

Ka gaida Damyana da yara.

Naka,
Mitwalli Abul-Ela.

Unguwar Ma'aikata, Tebbin,
9 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga ɗan'uwana Barsum,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Sanyi ya fara shigowa nan, ina fata kana rufe ƙirjinka.

Sati biyar ke nan ina zarya gidan waya. Ma'aikacin har ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Ban ga laifinka ba. Na yi ta kewaye-kewaye a waccan takardar, yau zan faɗi maganar yadda take.

Ka san dokarmu, wadda muka gada daga waɗanda suka koya mana aiki. Mai ƙugiya ba ya ganin gindin tsaninsa, kuma ta nan taragon kashin ƙarfe ke wucewa da zafinsa. Saboda haka in an tashi aiki ba ya sauka sai ya tambaya. Kai kakan ɗora yatsu biyu a jikin gilashi, ka tafiyar da su ƙasa kamar ƙafafu. Ni kuma in duba dama da hagu, in share iska da tafina, in dafa ƙirji: ƙasa lafiya, ba kowa, sauko. Ko ranar da muka yi faɗa a kan auren ƙanwata muka yi sati ba ma cin abinci tare, wannan ba ta taɓa fashi ba.

Ranar zubin ƙarshe, da safe, Shahhat ya ja ni gefe ya rubuta mini a takarda cewa ka sa hannu za ka tuƙa wa ɗan kwangilar rushe masana'anta ƙugiya. Na ɗauka cin amana ne. Na yi aikin ranar ban ɗaga kai na dubi fuskarka ba, ƙugiyar kawai nake kallo. Da muka dire tukunyar ƙarshe, maza suna kuka suna rungumar juna, na ɗaga ido na ga yatsunka a kan gilashi. Na gan su sarai, Barsum. Na cire hular kwanona, na juya, na fita.

Daga baya aka gaya mini ka zauna a can sama fiye da awa biyu, babu tarago ko ɗaya da ke motsi a duk faɗin wurin, har sai da mai gadi ya hau ya ce, "Usta, kwana za ka yi a nan? Kowa fa ya watse." Aka ce a motar ranar ka ajiye jakarka a kujerar gefenka har tashar ƙarshe a Helwan. Ni da ƙafa na tafi gida.

Wata takwas kana sauke ƙarafan da muka rayu a ƙarƙashinsu, ina hango ƙugiyarka daga rufin gida ina tsine maka a zuci. Na ƙi zuwa sallamarka da za ka koma ƙauye. A lokacin gani nake ni ne mai amana. Yanzu masana'antar ta tafi duk da fushina, fushin ma ya tafi, ya bar ni da kunya. Cikin abubuwan da na yi a rayuwata babu wanda nake da-na-saninsa kamar wannan juyawar.

Ka yafe mini. In ba za ka iya ba, ka rubuto ka zage ni, zan karɓa da hannu biyu.

Naka har kullum,
Guntu.

Unguwar Ma'aikata, Tebbin,
27 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga Zalɓe,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ba ka sauƙi, ya saka wa masu jinyarka da alheri.

Takardar Damyana ta iso jiya. Na karanta ta a tsaye a gidan waya, na sake karantawa a zaune a bakin titi. Ashe tun watan Agusta ɓarin jikinka ya shanye, bakinka ya rufe, ni ina nan ina ƙirga satittika ina cewa fushi kake. Ta ce takarduna biyu tana riƙe maka su a gaban idonka kana karantawa, kuma da ka zo wurin matar gidan burodi kafaɗarka ta yi ta rawa. Dariya kake yi mini ko? Yi abinka.

Ta gaya mini abin da ka ce mata lokacin da ka karɓi aikin rushewar: "Dole wani ya sauke ta. Gara hannun da ya san nauyinta, kada baƙi su yi ta jifa da ita kamar kayan bola." Me ya hana ka gaya mini haka? Na san amsa. Ban ɗaga kai ba balle ka gaya mini.

Akwai wani abu a ƙarshen takardar da ta rubuta kamar ba komai ba. Ta ce hannunka mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya. Kullum da la'asar sai ka ɗora yatsu biyu a ƙirji ka tafiyar da su ƙasa a kan bargo, ka dawo da su, ka sake. Likita ya ce karkarwa ce, ya ƙara maka magani. Ka ce mata ta daina wahalar da kanta da maganin nan. Likita bai taɓa aiki a gaban tanderu ba.

Na sayi tikitin jirgin ƙasa na safiyar Alhamis. Na fito da hular kwanona daga saman kabad na goge ta. Shahhat ya ce in gaya maka, "Tsohon banza, ka tashi, kujerarka har ta yi yana." Ya ba ni ganyen shayi in kawo maka, ko da ƙamshin ne ka shaƙa.

Damyana, 'yata, na san ke ce ke riƙe da takardar nan. Ki juya masa gadon ya fuskanci ƙofa.

Kai kuma ka zauna inda kake. Ban ce ka sauko ba tukuna.

Naka,
Mitwalli.

Unguwar Ma'aikata, Tebbin,
15 ga Disamba, 2023.

Zuwa ga 'yata Damyana,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarin haƙuri? Yaya maigidanki da yara? Allah ya ba ku dangana, ya sa ku ga alheri a bayansa. Na iso gida lafiya, na gode da guzurin da kika ɗaure mini, har Shahhat ya samu.

A wurin zaman makoki kin zo kin durƙusa gabana kina tambayata wani abu. Na ga bakinki yana motsi, na gane tambayar, amma mutane sun yi yawa, muryata kuma ban san ƙarfinta ba, na ji tsoron in yi ihu a gidan rasuwa. Kina so ki san abin da muka yi ta faɗa wa juna da hannu ni da babanki kwana huɗun nan. Haƙƙinki ne, ga shi.

Da na shigo da hular kwano a kaina, abin da ya fara yi shi ne bubbuga wuyan hannunsa a gefen gado. Cewa ya yi na makara. Na ce jirgi ne. Ya ce ƙarya nake, tun ina saurayi haka nake. Ya ce na yi tumbi. Na ce shi kuma ya zama tsinken tsire. Daga nan muka bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya koma garinsu, wa ke tuƙa keke mai ƙafa uku. Ya tambayi tanderu na huɗu, na ce babu. Ya tambayi bishiyar tsamiyar bakin ƙofa, na ce tana nan. Ya ji daɗin wannan.

Kin ga kullum da la'asar yana tafiyar da yatsun nan, kin ga ni kuma ina kau da kai ina gyara masa bargo. Na taho musamman don in ba shi amsar da na hana shi, amma da na ga yadda jikinsa ya koma, sai na gane abin da yake tambaya yanzu, hannuna ya ƙi ɗaguwa. A karon farko fushi ne ya hana ni. Wannan karon son kai ne, 'yata. Shi kaɗai ya rage mai jin maganata a duniya, na so in riƙe shi ko da kwana ɗaya ne a kan kwana.

Ranar Lahadi, bayan Abuna, limaminku, ya zo daga coci ya yi masa addu'a ya tafi, ya dube ni ya yi alamar da yake yi in na bar tukunya tana lilo a sama: nauyi ya yi yawa, hannu ya gaji. Sannan ya ɗora yatsun a ƙirji. Shi ne kika ga na miƙe na koma bakin ƙofa. Na duba dama, na ga ke. Na duba hagu, na ga jikokinsa. Na share iska, na dafa ƙirji. Ce masa na yi ƙasa lafiya, ba abin tsoro, ya sauko. Kin san sauran, bai kai faɗuwar rana ba.

Saura abu ɗaya, wanda na tabbata shi ya fi ɗaure miki kai, don na ga kin matso kina tsammani filo yake so a gyara. Bayan na ba shi amsa, ya miƙa hannu ya bubbuga katifa a gefensa sau biyu yana kallona. Shi da cocinsa, ni da masallacina, Allah kaɗai ya san inda motar kowa za ta tsaya. Amma shekara talatin da ɗaya babanki bai taɓa bubbuga kujera na zo na tarar da wani a kai ba.

In kin sami sarari ki riƙa rubuto mini, ko labarin yara ne. Ina zuwa gidan waya kowace Talata.

Naki,
Ammu Mitwalli.