Ƙuli-ƙuli a Shafin Rahila

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa daga Fatakwal. Ina gajiya, ya aikin gona? Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni dai ga ni nan, aiki ya cinye ni.

Ƙuli-ƙulin da ƙanenmu Ayuba ya ba direban Funtuwa ya iso. Yaya, ina kwance ƙunshin sai na ga shafin littafin addu'o'in marigayiya matata Rahila ne, ga jan bironta ƙarƙashin layi, mai ya jiƙa shi sharkaf. Ashe abin da ke cikin akwatin littattafanta da na bar wa Ayuba amana, har littattafan labaran da ta ce a ajiye wa 'yarmu Murna sai ta iya karatu, su matarsa ke yaga tana naɗe kayan sana'a.

Ban manta shi ya kai Rahila asibiti a Malumfashi ba, saboda haka na yarda ya girbe masarar da ya shuka a gonata bana. Daga nan ya fita mini daga gona, kuma kada ya turo mini dattawan coci. Ki kwashe abin da ya rage a akwatin ki kulle a ɗakinki.

Ki gaida Inna da Murna. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki roƙa mini sanyin zuciya tukuna.

Ƙanenki,
Bitrus