Sabon Mashina Ya Kayar da Ni Sau Biyu

Assalamu alaikum Baba Sodangi,

Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin idan Alhamis ta zo shawarar ba ta da sauran amfani a wurina. Ka yi haƙuri idan zancena ya yi tsawo. Murna ce ta yi mini yawa, tsoro kuma ya shigo cikinta, na rasa da wanne zan fara.

Bari in fara da murnar. Baba, na sayi mashin! Sabo dal, a gabana aka ɓalle kwalinsa aka haɗa shi. Ja ne, irin jan da idan rana ta buge shi sai ka kare ido. Ni mahauci ne ɗan mahauta, a Runjin Sambo nake zaune, kuma shekara tara ke nan ina ɗauko nama daga kwata a kan mashin ɗin mutane. Yau in ari na yayana, gobe in tsaya bakin titi da cinyar saniya a kafaɗa ina yi wa 'yan kabu-kabu magiya, su kuwa su kalli jinin su wuce abinsu. Na faɗi haka ne don kada ka ɗauka ɗan koyo ne ya rubuto maka. Ban taɓa faɗuwa da mashin ɗin aro ba ko sau ɗaya, alhali wasunsu tayarsu ta suɗe ta koma kamar tafin hannu.

Ranar da na shigo da shi unguwa bakina har kunne. Na zagaya layinmu sau uku ba don na manta ƙofar gida ba. Dattawan majalisa suka sa albarka, abokan sana'a suka yi ta matsa hon, matata Murja kuwa ta leƙo zaure ta shafa tankin da hannu biyu, sai na ga tana share hawaye da gefen hijabi. Har yanzu idan na tayar da shi da safe na ji ƙararsa sai in ji kamar ni kaɗai ne mai mashin a Sakkwato. Abinci ma a zaure nake ci yanzu don in riƙa kallonsa.

To ga inda gizo yake saƙar. A kwana na huɗu ina tafiya unguwar Gawon Nama gaida wani ubangidana, ba kaya, ba gudu, na shiga shataletale na ɗan kwanta kamar yadda na saba, sai kawai na ji bayan mashin ya bar ni. Ba jijjiga, ba ƙara, kamar an janye tabarma a ƙarƙashina. Na tsinci kaina zaune a kwalta, mashin yana can gefe tayarsa tana juyawa. Madubi ɗaya ya fashe, gwiwata ta ɗan kuje. Kafin in koma gida na sa aka ɗaura wani madubin, ban gaya wa kowa ba.

Na biyu ya fi muni. Kwana na tara, da hantsi, na ɗauro nama a baya, wani mai keke napep ya taka birki a gabana. Ni kuma na taɓa birkin gaba, taɓawa kawai wallahi, sai tayar gaba ta zame ta tafi abinta. Na ci ƙasa, nama ya watse a titi, mutane suka taru suna sannu suna tsince mini tsoka. Gwiwar hannuna ta saɓule sosai. Da Murja ta ga ciwon na ce mata wani sa ne ya maka ni da bango a kwata. Ta yarda, har ta yi ta yi wa san Allah ya isa, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tun daga ranar nake lissafin abin da ya jawo. Zuciyata ta fi tsayawa a kan baki. Akwai aminina Zaharaddeen, tare muka tashi, teburinsa yana kusa da nawa a kasuwa. Ranar da ya fara ganin mashin ɗin ya zagaya shi yana dariya, ya ce wanga mashin ya fi ƙarfin mahauci, kuma na kasa kunne sosai, bai ce tubarkalla ba. Kwana biyu ke nan ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Wani lokacin kuma in ce ko mai shagon ne ya cuce ni ya sa mini jabun taya, don yayana ya ce ana yi. Har na shirya in je in yi masa tijara sai na fasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu mai kula da mashin a unguwarmu kamar ni. Kullum bayan asuba sai na wanke shi tas. Ledar kujera tana nan ban cire ba. Na sa mai faci ya ƙara wa tayoyin iska har sai da na buga da yatsa na ji suna ƙara kamar ganga, don su ɗauki kaya. Sannan ka san ranar Sakkwato yadda take tsattsaga taya kamar faso a diddige. Mu a gidanmu duk abin da ba a so ya tsage kakide ake shafa masa, wato kitsen da muke narkarwa ya daskare. Mahaifina da shi yake shafe takalminsa na fata da kuben wuƙarsa da ƙafarsa, kuma takalmin nan ya fi shekara goma. Saboda haka tun daren farko nake shafe tayoyina da kakide mai kyau, gefe da sama duka, har in tura mashin gaba in shafe wurin da ya taka ƙasa. Baba, da ka ga yadda suke walƙiya. Bayan faɗuwar farko ma na ƙara yawansa, don na yi tunanin ko bushewa ce ta hana tayar kama titi. Duk wannan hidima, amma abin sai gaba yake yi.

Yanzu ga maganar Alhamis. Murja tana da ciki wata bakwai, na fari, bayan shekara huɗu muna jira. Duk zuwanta awo a keke napep take tafiya, a matse ta da mutane. Tun kafin in sayi mashin na yi mata alkawari cewa da kaina zan riƙa kai ta, kuma Alhamis ɗin nan ce ranar awonta ta farko tun da ya zo. Ta gaya wa duk matan da suke haɗuwa a asibiti. Ta goge hijabin da za ta sa tun shekaranjiya ta rataye. Ni ma wallahi na ƙagu in ga kaina na tsaya a ƙofar asibitin nan ta sauko a hankali mutane suna kallo. Idan na ce mata mu fasa, dole in faɗi dalili, kuma ƙaryar da na yi mata a kan san kwata za ta fito, ga shi ban taɓa yi mata ƙarya ba sai wannan. Idan kuma na ɗauke ta, gabana faɗuwa yake duk lokacin da na tuna shataletalen nan. Na yi tunanin in karɓo rubutu in yayyafa wa mashin ɗin, in kuma tafi a hankali sosai. Hakan zai wadatar? In tunkari Zaharaddeen ko in bar shi da Allah?

Naka,
Mai Jan Mashin, Runjin Sambo

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana Mai Jan Mashin,

Barka da arziki, Allah ya sanya alheri, ya tsare. Murnarka ta kama ni tun daga layin farko, domin ni ma na san daɗin ranar da mutum ya daina aron abin hawa. Amma zan gaya maka gaskiya, da na iso wurin kakide sai da na ajiye takardar na cire tabarau na yi dariya mai isata, sannan tsoro ya kama ni.

Ba Zaharaddeen ne ya kayar da kai ba. Kai ne kake tashi kullum da asuba, da kyakkyawar niyya, kana shafa wa kanka santsi. Mahaifinka ya yi daidai, fata tana son maiƙo. Taya kuwa ba fata ba ce, roba ce, kuma duk aikinta shi ne ta kama titi da wannan ɗan wurin da ya taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannunka ba. Kai da ka fi kowa sanin yadda daɓen kwata yake idan kitse ya zuba, ka ɗauki wannan daɓen ka naɗa a ƙafar mashin ɗinka. Maiƙo kuma ba ya hana roba lalacewa, cinye ta ma yake yi a hankali.

Ka haɗa da wasu abubuwa biyu. Sabuwar taya da ma tana zuwa da sulɓinta daga kamfani, sai an yi tafiya da ita a hankali kamar kilomita ɗari da ɗoriya kafin ta yi kaushi ta fara kamu sosai. Shi ya sa tsofaffin mashinan aro ba su taɓa ba ka mamaki ba, wannan ya ba ka. Sannan iskar da ka sa aka ɗura har taya tana ƙara, ta rage wurin da yake taɓa ƙasa. Sabuwar taya, ga iska ta yi yawa, ga kakide a kai, ga yashin da ba ya rabuwa da kwanonin titinmu. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne sau biyu kawai ka faɗi.

Ga abin yi. Ka daina hawansa daga yau. Ka samu ruwan ɗumi da garin sabulu da buroshi mai ƙarfi, ka wanke tayoyin nan sau uku ko huɗu, har cikin zanensu, sai ka ji yatsanka yana turjewa idan ka goga. Daga nan ka tura shi da hannu zuwa wurin bakanike, ka gaya masa abin da ka shafa ba tare da jin kunya ba, ya buɗe birki ya duba ko maiƙo ya shiga. Idan ya ce robar ta sha mai ta yi laushi, ka canza tayoyin, kada ka tsaya ja. Iska kuma a auna ta da geji daidai da abin da aka rubuta a littafin mashin, da safe kafin taya ta yi zafi, a bar bugu da yatsa. Bayan haka ka yi mako biyu kana hawa kai kaɗai, ka rage gudu kafin ka shiga kwana ba a cikinta ba, ka riƙa haɗa birkin gaba da na baya a hankali. Ka cire ledar kujerar nan, duk unguwa ta riga ta san sabo ne, kuma zamar da na baya take yi. Ka nemi hular kwano. Idan kana tsoron rana, ka ajiye shi a inuwa, ya isa.

Ban ce babu baki ba, kuma ban hana ka addu'a ba, ka yi ta duk lokacin da za ka hau. Amma ba a zargin amini da abin da aka riga aka ga dalilinsa ƙuru-ƙuru. Gobe ka riga Zaharaddeen gaisuwa. Idan kana da ƙarfin hali ka ba shi labarin kakide, zai yi shekara yana tsokanarka da shi, kuma ka cancanta. Mai shago ma ka ƙyale shi, sai idan bakanike ya ga wani aibi na daban.

Maganar Alhamis kuwa babu rangwame a cikinta. Kada ka ɗauki Murja, ko da ka wanke taya, ko da za ka yi tafiyar hawainiya. Na fahimci nauyin alkawari, na kuma san za ta ji ba daɗi, wataƙila ta yi kuka, matan asibiti kuma su tambaye ta ina mashin. Duk wannan abu ne na yini ɗaya. Kai ka faɗi sau biyu ka tashi ka kakkaɓe riga, mai ciki wata bakwai kuwa ba ta da ƙaramar faɗuwa. Ni a ganina ma ta haƙura da bayan mashin har sai ta sauka ta yi arba'in.

Yau ɗin nan, kafin ta ji a bakin wani, ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya duka, faɗuwa biyun da ƙaryar da ka yi, ka nemi gafararta. Za ta yi fushi da ƙaryar fiye da fasa hawan, kuma tana da gaskiya. Alkawarin da ka yi mata shi ne za ka kai ta da kanka, to ka cika shi. Ranar Alhamis ka bar tebur a hannun abokan sana'a, ka ɗauki shatar keke ku biyu kaɗai, ka zauna kusa da ita, ka jira a bakin asibiti har a gama ka dawo da ita gida. Shekara huɗu kuka yi kuna jiran wannan ɗa, mashin zai iya jiran wata uku.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya sa ka more mashin ɗinka shekaru masu yawa cikin aminci.

Baba Sodangi