Safa Ƙafa Ɗaya Daga Rize

Yaya Nermin,

Don Allah ki taimake ni da shawara a wannan fili naki na jarida, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina digiri na biyu a Ankara, kan siyasa da tattalin arzikin ƙasarmu Turkiyya. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. Ƙauyenmu yana kan tsaunukan Rize, kowa noman shayi yake yi. Shekarata ta shida ke nan a garin nan, amma har yau ban saba da shi ba. Abokan karatuna suna zaman muhawara kan ma'aikata da jari har shayinsu ya huce, kuma wallahi babu wanda ya taɓa riƙe almakashin yankan ganye a cikinsu. Ni da na riƙe, in na buɗe baki sai su yi murmushi saboda karin harshena. Sai na koma yin shiru.

Da aka zo zaɓen abin bincike, na ce bari in rubuta abin da na sani: mata ke yankan shayi, su ɗauko shi a baya zuwa rumfar awo, amma takardar gona sunan maza ke kai. Bara na je gida na zauna da mata goma sha ɗaya. Wadda ta fi buɗe min ciki ita ce gwaggona Hamdiye, ƙanwar Baba. Ba ta taɓa aure ba, ita ta goye ni. Muna tsinkar wake a baranda ta ba ni labarin yadda, bayan rasuwar kakanmu, aka kai ta ofishin filaye ta sa hannu ta bar wa Baba kasonta, aka saya mata keken ɗinki. Shekara talatin da huɗu tana yanka a gonar da ba tata ba. Tana faɗa tana dariya, har tana tsokanata wai in rubuta da kyau, kada in sa ta fito mummuna a littafin.

Ga inda na tafka wauta. Malamata, Farfesa Feride, ta ce in sauya sunayen mutane. Na sauya duk sunan da ke kan katin shaida, sai na bar laƙabi don rubutun ya yi armashi. Kin san a wajenmu babu mai kiran kowa da sunan katinsa. Gidanmu Gidan Masu Zuma ne, gwaggona kuma Mai Takalmi Ɗaya, tun ranar da rafi ya tafi mata da takalmi tana yarinya. A can, laƙabin nan shi ne sunan. Zaman Ankara ya sa na manta abin da yaron goye ya sani.

Babin ya fito a mujallar ɗalibai a intanet. Orhan, ɗan baffana, ya buga shi a takarda ya karanta wa maza a ɗakin shan shayi, tun daga farko har ƙarshe. Tun ranar Baba bai ɗaga wayata ba. Inna kan ɗaga ta ce kowa lafiya, ta kashe. Na ji an ce gwaggo ta daina zuwa rumfar awo, don mata na nuna ta da baki wai ta tona wa ɗan'uwanta asiri a jarida.

Kowane watan Mayu sukan aiko min da kwali: sabon shayi, garin masara, wake mai tsami, da safar ulu da gwaggo ke saƙa min. Bana babu kwali. Sai shekaranjiya wata 'yar ambulan ta zo, babu wasiƙa a ciki, babu sunan mai aikowa. Safa ce ƙafa ɗaya. Na gane saƙarta. Na ajiye ta kan tebur ina kallo, na yi kuka har na gaji, don na san gori take min da laƙabin da na tallata.

Saura mako uku in kare binciken a gaban malamai. In na cire babin, aikin ya rushe, shekara ta tafi. In na bar shi, ina tsoron na rasa gida. Kuma, Yaya, abin da na rubuta gaskiya ne! Ina kewarsu ƙwarai. Ko ruwan sama aka yi a nan, sai in buɗe taga ko zan ji ƙamshin gona, babu. Yaya zan yi?

Mai Kewar Ruwan Sama, Ankara

*

Ƙanwata,

Share hawayenki, mu yi magana.

Gaskiya kika rubuta, ban musa ba. Mata irin gwaggonki suna da yawa, kuma karatun da bai ga hannunsu ba, ban san me yake gani ba. Kada ki cire babin daga binciken. Amma labarin nan nata ne. Ta ba ki shi a baranda, ke da ita, ya ƙare a bakin Orhan gaban maza. Ke kina Ankara kina jin kaɗaici, ita tana can tana kwana tana tashi a gida ɗaya da mutumin da kika rubuta a kansa. Na lura wasiƙarki ta fi damuwa da shirun Baba. Wadda kika fi cutarwa ita ce ta goye ki.

Babanki ma ki yi masa adalci. Abin da ya yi ba daidai ba ne, amma shi ne abin da kusan duk mazan da suka zauna sauraron Orhan suka yi wa 'yan'uwansu mata. Shi kaɗai aka kira da suna. Kunya ce ta rufe masa baki, kuma kunya tana ɗaukar lokaci. Kada ki matsa masa da waya.

Gobe da safe ki je wajen malamarki ki faɗa mata kuskurenki kai tsaye. Ba ke ce ɗalibar farko da ta yi irinsa ba. Ki nemi a sauke babin daga intanet, ki cire kowane laƙabi, da sunan rafi, da keken ɗinkin in ya kama. Sauran mata goman ma suna da hakki a kanki, ki duba nasu. Sannan ki hau mota kafin ranar kare binciken, ba bayanta ba. Kwana biyu sun isa. Ki sami gwaggonki ita kaɗai, ki ba ta haƙuri ba tare da kawo hujja ba, ki karanta mata shafukan da bakinki. Abin da ta ce a cire, ki cire, ko da shi ne layin da kika fi so. Aikinki ba zai rushe don layi uku ba.

Maganar safa kuma, ban san gwaggonki ba, ba zan rantse miki cewa babu gori a ciki ba. Mai yiwuwa akwai, kuma kin cancanta. Amma ni ma ina saƙa. Matar da ta cire mutum daga zuciyarta ba ta zama ta auna ƙafarsa a ka, ta saƙa, ta sauka daga tsauni zuwa gidan waya a tsakiyar yankan shayi. Kuma babu mai saƙa ƙafa ɗaya ta ajiye allura. Ɗayar tana Rize, ƙanwata, tana hannunta. Je ki karɓo.

Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya sa ki tarar da ƙofa a buɗe.

Yayarki Nermin