Inna Ta Ce Da Akwai Haɗari Da Ka Faɗa

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya a duk tekun da jirginku yake. Ƙanwarka Rakiya ce daga Dogon Dutsi. Na rubuta wannan a fili inda kowa zai karanta, don saƙonnina sun cika wayarka shekara biyu ba amsa. Wataƙila wani da ya san ka ya nuna maka.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, bayan rasuwar Baba? Muna zaune a tsakar gida da la'asar, Inna ta tambayi wane irin aiki ne ya hana ka zama. Ka jawo kwanon wanki cike da ruwa, ka sa marfin tukunya a gindinsa, ka ɗaga shi da yatsa, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa mata zane. Ka ce haka ƙasan teku ke motsi, ruwa ya taso ya hau gari ya share shi. Ka ce kun shimfiɗa na'urori a can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, an haɗa su da igiyar waya har tudu, suna jin girgiza da nauyin ruwan da ke bisansu. Saƙonsu ya fi ruwan gudu, sai a busa jiniya mutane su hau tudu. Ni na yi ta dariya, na ce ɗan Arewa da bai iya iyo ba shi ne mai gadin teku.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko kullum ake busa jiniyar. Ka ce a'a, idan ba a ji komai ba, lafiya lau ke nan. Da za ka tafi ka dafa bangon ɗakinta ka ce ta zauna abinta, kada ta motsa sai ka dawo ka yi mata na siminti.

Yaya, maganganun nan biyu su ne suke neman kashe ta.

Kwazazzabon da ke bayan gida, wanda muke tsallakewa da ƙafa ɗaya muna yara, yanzu raƙumi zai tsaya a ciki ba a ga tozonsa ba. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya ci garkar Baba bara waccan. Bara ya tafi da rumbu da hatsinsa. Jiya na auna, taku huɗu ya rage tsakaninsa da bangon Inna, kuma bangon ya tsage har ina iya sa hannuna. Maƙwabta duk sun tashi. Mutanen mari, wato ofishin magajin gari, sun zo sun shafa jan fenti a ƙofa, alamar a tashi.

Na roƙe ta. Kawu Illa ya taso tun daga Geceme ya roƙe ta. Liman ya zo. Amsarta ɗaya ce, kuma ka san ba ta kama sunanka: "Yaron nan da ka jin motsin ƙasa ƙarƙashin teku, na bayan ɗakin uwatai zai ɓace mai? Da akwai abu da ya hwaɗi." Shirunka ya zama mata shaida. Duk ranar da ba ka kira ba, sai ta ƙara gyara zama.

Har ƙarya na yi mata, Allah ya yafe mini. Na ce ka aiko cewa ta tashi. Ta kalle ni kamar na zuba mata gishiri a fura, ta ce in buɗe wayar ta ji muryarka.

Akwai abin da ka faɗa ran nan wanda ita ba ta riƙe ba, ni na riƙe. Ka ce abin da kuka fi tsoro shi ne na'ura ta mutu a ƙasa ba a sani ba, mutane su ɗauka lafiya ce. Shi ya sa idan ɗaya ta daina magana kuke tayar da jirgi guda ku je ku jawo ta. To mu nan ba mu da jirgin da za mu tura neman ka.

Ban sani ba ko kunyar ɗakin da ba ka gina ba ce, ko aiki ne, ko wata rayuwa ce ta rufe ka. Na yi fushi har na gaji da fushin. Ba siminti muke nema ba, Yayana. Muryarka kawai, kalma uku: Inna, ki tashi. Kai da ka goya ni zuwa lakwal, makarantarmu, ranar da ƙaya ta soke ni, ban taɓa zaton zan roƙe ka abu ƙanƙane haka a gaban jama'a ba.

Gaskiya ban sa rai za ka amsa ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun gyara gona. Shekaranjiya na kai yarana wajen kakarsu ta wajen uba a Tibiri, na ce musu hutu ne. Na dawo na naɗe tabarmata na kai ɗakin Inna, na shimfiɗa ta gefen bangon da ya tsage. Ta ji daɗi sosai, ta ce ai dama ɗakin ya yi mata girma.

Allah ya tsare ka a kan ruwa. Allah ya sa na'urorinku su ceci iyayen mutane. Idan damina ta riga ka zuwa, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma ba ka haƙurin abin da za ka tarar.

Ƙanwarka,
Rakiya