Butar Inna

Garwa, daren Talata

Barci ya ƙi zuwa. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun magariba, da tocila nake rubutun nan.

Ɗazu na hura gawayi zan soya kifin Binuwai da yayata Adda Hawwa ta sayo, na shiga ɗaki ɗauko gishiri. Sai warin roba ya biyo ni. Ina fitowa na tarar da butar Inna, shuɗiyar nan, a jingine da murhu, daidai inda ta saba ajiye ta don ruwan alwala ya yi ɗumi. Kullum sai na yi mata mita, ita kuma ta ce, "Ke dai ƙyale ni. In da ruwa a cikin roba, wuta ba ta cin ta."

Bakin butar ya narke ya lanƙwashe, mariƙin yana ɗiga. Amma daga rabi zuwa ƙasa ko tabo babu. Na ɗaga ta, na ji nauyi.

Ni da hannuna na juye ruwanta ranar da aka kai Inna makwancinta, na rataye ta a ƙusa. Sati uku ke nan.

Na tambayi Adda. Ta ce, "Wallahi ban taɓa ta ba. Bar maganar nan, dare ne." Mu biyu ne kaɗai a gidan.

Na yi addu'a, na ajiye ta a ƙofar ɗaki. Yanzu na sake fita na ɗaga ta. Ruwan ya ragu, kuma butar ba ta yoyo.