Sujadar Ranar Litinin

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Yaran fa, suna jin magana?

Kin tambayi labarin aiki, ba zan ɓoye miki ba. Wata biyar ke nan ina wa'azi da lasifika a bakin titi kowace safiya, har mutanen layin suka laƙaba mini Mai Lasifika. Sukan tsaya su saurara, wasu ma su nemi addu'a. Amma ranar Lahadi sai in share ɗakin ibada, in jera kujeru goma sha biyu, in yi sujada ni kaɗai. Dattawan ikilisiya sun rubuto cewa saura wata ɗaya: in ba masu taruwa, in rufe ɗakin in dawo gida. Kada ki ɗaure kayan tahowa nan tukuna.

Mijinki.

Maman yara,

Da fatan kuna lafiya. Na gode da addu'arki, ga amsarta.

Na je aski, ina ƙorafi cewa zukatan mutanen nan sun taurare. Mai askin ya kashe inji, ya dube ni ta madubi.

"Haba Fasto, baki gare ka, ido ne babu. Ran Lahadi wa ya isa ya motsa? Ni layi har waje, mai wanki guga har wuya, mai kitso ko ruwa ba ta sha. Litinin muke hutu. Kai kuma Litinin kake garƙame ƙofa, wai hutun Fasto!"

Kunya ta rufe ni. Wata biyar ina yi musu magana, ban taɓa tambayar kowa ranar hutunsa ba.

Litinin na buɗe, mutum tara suka zo. Mako na biyu kujeru suka kasa, mai aski ya ɗauko bencin shagonsa a ka. Dattijon da aka aiko don ya karɓi makulli ya tarar da mu muna waƙa. Ya zauna a ƙarshen bencin har aka tashi, sannan ya ce makullin ya zauna a hannuna.

Ki taya ni gode wa Ubangiji, da bawansa mai aski.

Yanzu ki ɗaure kaya. Amma kada ku taso ranar Litinin, ba mai taryar ku a tasha, duk muna sujada.

Naki har kullum,
Mai Lasifika.